KAFIN A ƘARA WA KWAMFUTAR WASA ƘARFI, A FARA SANIN INDA TA GAZA

Duk wanda ya shiga kasuwar kwamfuta ta Ikeja a birnin Ikko, ko kantunan Banex a Abuja, ko titin Beirut a Kano, ba zai rasa ganin samari suna zagaya rumfuna da kuɗi a aljihu ba, ko wannensu yana neman abin da zai ƙara wa kwamfutarsa ƙarfi domin wasa. Kukansu kusan iri ɗaya ne: wasan ƙwallo yana cijewa daidai lokacin da za a buga wa raga, motar tsere tana tsalle maimakon gudu, ko kuwa abokin gaba ya riga ya yi harbi tun hoton bai gama fitowa ba. Da yawa daga cikinsu su kan sayi abin da ya fi suna ko ya fi tsada, su koma gida su ɗaura, su tarar ciwon yana nan inda ya ke. Wannan shi ne abin da masu iya magana ke cewa an bar jaki ana dukan taiki.

Asarar kuwa ba ƙarama ba ce, domin duk waɗannan kaya daga waje a ke shigo da su, da dala kuma a ke cinikinsu. Tun da Babban Bankin Nijeriya ya saki naira ta nemi darajarta a kasuwa cikin watan Yuni na 2023, dalar da a ke canjawa wajen naira 460 ta haura naira 1,500 a cikin 2024. Saboda haka abin da saurayi ya tara cikin watanni, ko abin da uba ya cire daga albashinsa don faranta wa ɗansa rai, yana iya salwanta a ciniki guda. Maganin wannan kuwa shi ne sanin aikin ko wace gaɓa ta na'urar tun kafin a kai hannu aljihu.

AIKIN KO WACE GAƁA

Abin da ido ke gani yana motsi a allon kwamfuta hotuna ne tsayayyu da a ke jerowa da sauri ƙwarai, kamar yadda majigi ke nuna hotuna 24 a cikin ko wace daƙiƙa. A wajen wasa, hotuna 30 a daƙiƙa su ne gwargwadon abin da za a iya haƙuri da shi, 60 kuwa su ne abin da galibi a ke nema. Watau ke nan dole na'urar ta gama shirya ko wane hoto cikin kashi ɗaya bisa 60 na daƙiƙa, in ta makara ido ya ga tangarɗa.

Gaɓoɓi huɗu ne ke raba wannan aiki. Na farko shi ne furosesa, wanda ya ke kamar shugaban magina: shi ke lissafin inda ƙwallo za ta faɗa, da abin da ko wane ɗan wasa zai yi, sa'an nan ya ba da umurni. Na biyu shi ne katin hoto, wanda ke karɓar umurnin ya zana hoton ɗigo bayan ɗigo, ya sa launi da haske da inuwa. Na uku shi ne RAM, wanda ya yi kama da tabarmar da ɗan kasuwa ke baza hajarsa a kai don hannu ya kai gare ta nan take. Na huɗu shi ne faifan ajiya, watau rumbun da kayan ke kwana a ciki. Dukansu suna zaune ne a kan falanki guda da a ke kira madabod, akwatin wuta kuma shi ke ciyar da su.

Ƙa'idar da ya kamata a riƙe ita ce, gudun na'urar ba ya wuce gudun gaɓar da ta fi rauni. Ko da an faɗaɗa hanya ta isa shanu ɗari su jeru, in ƙofar ganuwa biyu biyu ta ke ɗauka, to biyu biyu za su shiga gari. Wanda ya ƙara faɗin hanya ya bar ƙofar yadda ta ke, kuɗinsa kawai ya zubar.

YADDA A KE GANO MAI LAIFI

Binciken ba ya bukatar ko kwabo. Akwai Task Manager da ke cikin ko wace Windows, akwai kuma manhajar MSI Afterburner wadda a ke samu kyauta, tana rubuta alƙaluma a kusurwar allo ana cikin wasa. Idan aka ga katin hoto yana aiki kashi 95 zuwa 100 cikin ɗari alhali hotunan ba su kai yadda a ke so ba, to katin ne ya kai iyakarsa. Idan kuwa katin yana hutawa a kashi 60 ko 70 amma wasa yana cijewa, sai a waiwayi furosesa ko RAM. A nan akwai wani tarko: furosesa na iya nuna kashi 40 kurum, alhali ɗaya daga cikin ƙwayoyinsa ta cika maƙil, ita ce kuwa wasan ya fi dogara a kanta. Don haka a kan duba ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya.

Akwai wani gwaji da ya fi wannan sauƙi. A shiga tsarin wasan a rage yawan ɗigon hoton da kyansa zuwa ƙasa ƙwarai. In gudun ya ƙaru sosai, katin hoto ne ke riƙe da na'urar. In kuwa hoton ya yi muni amma gudun bai motsa ba, sabon kati ba zai yi maganin kome ba, domin mai ba da umurnin ne ke makara.

KATIN HOTO

A mafi yawan lokaci katin hoto ne ke fitowa da laifi, shi ne kuma ya fi cin kuɗi. A 1996 ne kamfanin 3dfx ya fitar da katin Voodoo, shekarar da wasan Quake ya bayyana. A 1999 Nvidia ya kawo GeForce 256, a 2006 kamfanin AMD ya saye ATI, sa'an nan a 2022 Intel ya fitar da katunan Arc.

Girman aikin kati ya danganta ne da yawan ɗigon da ke allo. Allo mai ɗigo 1920 a kwance da 1080 a tsaye yana da ɗigo 2,073,600. Mai 2560 da 1440 yana da 3,686,400. Wanda a ke kira 4K kuwa yana da 8,294,400, watau ninki huɗu na na farko. Mai ƙaramin allo ba shi da dalilin sayen katin da aka ƙera don babba, sai dai in yana da niyyar canja allon nan gaba.

Abu na biyu shi ne ma'ajin da ke jikin katin kansa. A 2023 masu katuna masu gigabait 8 sun fara ganin tangarɗa a wasanni irin su Hogwarts Legacy da The Last of Us Part I in sun ɗaga kyan hoto zuwa ƙoli, domin kayan hoton sun fi ƙarfin wurin. Mai son katin da zai daɗe yana yi masa aiki a sababbin wasanni ya fi kyau ya nemi mai gigabait 12 ko 16. Amma wanda wasansa bai wuce ƙwallon eFootball ko GTA V ba, wanda ya fito a kwamfuta tun 2015, tsohon kati irin GTX 1060 na 2016 yana iya ɗaukar nauyinsa.

Har wa yau akwai dabarar da ke tsawaita ran kati ba tare da an canja shi ba. DLSS na Nvidia, wanda ke aiki a katunan RTX kaɗai, da FSR na AMD da ya fito a 2021, su kan sa kati ya zana ƙaramin hoto sa'an nan a buɗa shi ya cika allo. Ya kamata a gwada su tukuna kafin a tafi kasuwa.

Kafin a biya kuɗi kuma, wajibi ne a auna tsawon katin da tsawon akwatin kwamfutar, a kuma tabbata akwatin wuta yana da igiyoyin da katin ke bukata.

FUROSESA DA MADABOD

Wasannin da mutane da yawa ke haɗuwa a fili guda, kamar PUBG da Fortnite da Counter-Strike 2, da kuma waɗanda a ke gina birane ko jan runduna, sun fi jingina ga furosesa. Wahalar canja shi ita ce ba ko wanne ke shiga ko wane madabod ba, domin ko wane yana da irin gurbinsa.

A nan masu gurbin AM4 na AMD sun yi sa'a. Madabod da yawa da aka saya tun 2017 suna iya ɗaukar Ryzen 7 5800X3D na 2022 bayan an sabunta manhajar da ke cikin madabod ɗin, wadda a ke kira BIOS. Wannan furosesa ya yi suna wajen wasa saboda ma'ajin kusa mai megabait 96 da aka ɗora masa. Wanda kuwa ya ce zai koma gurbin AM5 na 2022, sai ya shirya sayen abu uku a lokaci guda: furosesa, da madabod, da sabon RAM irin DDR5. A ɓangaren Intel, gurbin LGA1700 na 2021 yana ɗaukar zubi na 12 da na 13 da na 14. Sai dai a 2024 kamfanin ya amsa cewa waɗansu manyan furosesoshi na zubi na 13 da na 14 suna lalacewa saboda wutar da ke shiga cikinsu ta yi yawa, ya fitar da gyara ta hanyar BIOS, ya kuma ƙara shekara biyu a kan garantinsu. Mai sayen na hannu daga cikinsu sai ya yi hattara.

Akwai kuma wani dalili na daban. Microsoft ya daina kula da Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, Windows 11 kuwa ba ta amince da furosesan Intel da ya gaza zubi na 8 ba, in ban da 'yan kaɗan, tana kuma bukatar abin tsaron nan da a ke kira TPM 2.0. Mai tsohuwar na'ura da ta gaza wannan ya kamata ya yi lissafi da kyau kafin ya ci gaba da zuba mata kuɗi.

RAM DA FAIFAN AJIYA

RAM ba ya ƙara gudu sai in dama ya yi kaɗan. In tabarmar ta cika, dole na'urar ta riƙa komawa rumbu tana ɗauko kaya, a nan ne wasa ke tsayawa cak na ɗan lokaci sa'an nan ya ci gaba. Gigabait 8 sun yi wa sababbin wasanni kaɗan, 16 su ne matsakaici, 32 kuwa na mai son yalwa ne. Daga 8 zuwa 16 a kan ga bambanci a fili, amma daga 32 zuwa 64 da wuya ɗan wasa ya ga kome.

Yadda aka jera shi ma abin lura ne. Sanda biyu masu gigabait 8 sun fi sanda ɗaya mai 16, domin na'urar tana ɗiba ta hanya biyu a lokaci guda, wannan kuwa ya fi amfanar kwamfutar da ba ta da katin hoto na daban. DDR4 da DDR5 ba su shiga gurbin juna, ko da an danna da ƙarfi sai dai a karya. Mutane da yawa kuma su kan sayi RAM mai sauri su bar shi yana tafiyar hawainiya, saboda ba su kunna tsarin XMP ko EXPO a cikin BIOS ba. A ƙarshen 2025 farashin RAM ya yi tashin gwauron zabo a duniya saboda yawan sayen da kamfanonin ƙirƙirarriyar basira suka yi, abin da ya ƙara nuna amfanin sayen gwargwadon bukata.

Game da rumbu kuwa, tsohon faifai mai juyawa sau 7,200 a minti yana karanta megabait 100 zuwa 200 a daƙiƙa. SSD irin na SATA yana kai wa wajen 550, irin na NVMe kuwa 3,500 ko 7,000 gwargwadon zubinsa. SSD ba ya ƙara yawan hotuna a daƙiƙa yadda kati ke yi, amma yana rage jiran buɗewar wasa ƙwarai, yana kuma hana cijewa a wasanni masu faɗin ƙasa. Wasan Starfield na 2023 ya sanya SSD mai sararin gigabait 125 cikin sharuɗɗansa. Ga mai tsohon faifai, babu canjin da zai ji daɗinsa da ɗan kuɗi kamar wannan. Amma tsakanin SATA da NVMe bambancin a wajen wasa bai taka kara ya karya ba.

WUTA, ZAFI DA ƘURA

Akwatin wuta shi ne gaɓar da aka fi rainawa, alhali shi ne in ya lalace ya kan tafi da sauran. Katin RTX 4090 na 2022 yana shan wat 450 shi kaɗai, kamfaninsa kuma ya ba da shawarar akwatin wuta mai wat 850. RTX 5090 na 2025 yana shan 575, RTX 4060 kuwa 115 kacal. Wanda ya ɗora babban kati a kan akwatin wuta maras suna, na'urarsa za ta riƙa mutuwa ana tsakiyar wasa, in ma ba ta yi ƙauri ba. Araha ba ta ado, balle a wajen abin da wuta ke bi ta cikinsa.

A Nijeriya lissafin bai tsaya nan ba. A ce na'ura tana shan wat 600 gaba ɗaya, ana wasa da ita awa huɗu kullum: a wata ta sha yunit 72. A kan farashin naira 225 da aka sanya wa 'yan rukunin A cikin Afrilu na 2024, kuɗin ya kama naira 16,200. Wadda ke shan wat 250 kuwa yunit 30 za ta sha, watau naira 6,750. Mai janareta ko inbata ma sai ya duba ko za su iya ɗaukar nauyin. Ga kuma ɗaukewar wuta da dawowarta da ƙarfi, wanda ya sa UPS da sitabilaiza suka zama wajibi tun kafin a yi maganar sabon kati.

Zafi shi ma ɓarawon gudu ne. Furosesa in ya kai wajen digiri 95 zuwa 100 ya kan rage gudunsa da kansa don kada ya ƙone. A Sakkwato da Maiduguri da Kano, inda zafin bazara ke wuce digiri 40, ga ƙurar hunturu tana toshe fankoki, na'ura lafiyayya tana iya zama kamar tsohuwa. Kakkaɓe ƙura, da sake man da a ke shafawa tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya shi, da ajiye na'urar inda iska ke ratsawa, sun sha mayar wa kwamfuta da ƙarfinta ba tare da an sayi kome ba.

ALLO DA INTANET

Allon da ke sabunta hoto sau 60 a daƙiƙa ba zai nuna fiye da 60 ba, ko da kati yana zana 200. Mai kati mai ƙarfi da tsohon allo, allon ne ya kamata ya canja zuwa mai 144. Bayan an saya kuma sai an shiga tsarin Windows an zaɓi 144 ɗin, a kuma tabbata igiyar allon a jikin katin hoto aka soka ta, domin da yawa su kan soka ta a ramin madabod su bar katin da suka saya da tsada yana barci.

Akwai kuma cijewar da babu ruwanta da kayan cikin akwati. Wasannin intanet da yawa manyan na'urorinsu suna Turai ne ko wasu ƙasashe masu nisa, saƙo kuwa sai ya je ya dawo ta igiyoyin ƙarƙashin teku. Sa'ad da waɗansu daga cikin igiyoyin nan suka yanke a gaɓar Afirka ta Yamma cikin Maris na 2024, mai sabuwar na'ura da mai tsohuwa duk wahala ɗaya suka sha. In wasa yana tafiya sumul ba tare da intanet ba amma yana cijewa a kan layi, abin dubawa shi ne layin, kuma haɗa igiya kai tsaye ya fi dogara da Wi-Fi.

KAYAN HANNU

Kwamfutoci da yawa a ƙasar nan tsofaffin na ofis ne na HP da Dell da aka shigo da su daga Turai da Amurka. Siraran cikinsu akwatin wutarsu ƙarami ne, sau da yawa kuma ƙirar kamfanin ce ta musamman wadda ba a musanyawa da ta kasuwa. Abin da ya dace da su shi ne gajeren kati da ba ya bukatar igiyar wuta ta daban, kamar GTX 1650 ko RX 6400, in an sami ƙirar da aka yi don siririn akwati. Laftof kuwa galibi furosesa da katin hotonta a liƙe su ke, RAM da SSD kaɗai a ke iya canjawa, a waɗansu ma RAM ɗin a liƙe ya ke.

Kasuwar katunan hannu tana da nata tarihin. A 2020 da 2021 katuna sun yi ƙaranci a duniya, masu haƙar kuɗin intanet na Ethereum suna kwashewa. Da aka canja tsarin Ethereum cikin Satumba na 2022, haƙar da kati ta ƙare, katunan da suka yi aiki dare da rana suka cika kasuwanni. Ba dukansu ne suka lalace ba, amma fankokinsu sun sha wuya. Akwai kuma na jabu, inda a ke ɗaukar tsohon kati irin GTS 450 a sauya masa suna ya koma GTX 1050 Ti. Manhajar GPU-Z ta kan tona asirin irin waɗannan. Kada a yarda da cinikin biri a sama: a sa mai kanti ya ɗaura katin, a yi wasa mai nauyi da shi na rabin awa ana duban zafinsa da hotonsa, a kuma karɓi rasit mai ɗauke da kwanakin gwaji.

Saboda haka ana jan hankalin samari da iyayen da ke biyan kuɗin su bi abin daki daki. A fara da abin da ba ya cin kuɗi, watau shara da sabunta manhajar kati da gwajin da aka bayyana a sama. Sa'an nan SSD ga mai tsohon faifai, da cika RAM zuwa gigabait 16 a sanda biyu. Bayan haka sai katin hoto tare da akwatin wutar da zai iya ɗaukarsa, furosesa kuwa sai in gwaji ya nuna shi ne mai laifi. In lissafi ya nuna sai an canja furosesa da madabod da RAM da akwatin wuta gaba ɗaya, to gara a ci gaba da tari har kuɗin sabuwar na'ura ya cika, a sayar da tsohuwar a ƙara a kai.